An kama pus 100,000 a Niyok, to wa ya sayar da su?



Ranar Talata 23 ga Satumba 2025, ranar da shugabannin ƙasashe suka fara hawa mumbari ɗaya bayan ɗaya a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 80, hukumar Secret Service, wadda ke tsaron shugaban Amurka da manyan baƙinsa, ta fito da wata sanarwa da ta cika kafofin watsa labarai. Ta ce ta gano kuma ta kwashe na'urori fiye da 300 tare da pus sama da 100,000, wato layukan waya da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa sim, a wurare daban-daban da ba su wuce kilomita 56 ba daga zauren majalisar da ke birnin Niyok. Hotunan da ta saki sun nuna akwatunan ƙarfe jere bisa kanta, kowane da ƙananan eriya tsaye birjik kamar ƙayar bushiya. Hukumar ta ce da waɗannan kaya ana iya aika mesaj miliyan 30 cikin minti ɗaya, ana iya toshe layin neman agajin gaggawa na 911, ana ma iya durƙusar da rezon birnin.

Kafin labarin ya iso grup-grup namu na WhatsApp ya riga ya yi ƙiba. Na ji wani vokal da ke cewa wai an so a kashe rezon duniya baki ɗaya, wani kuma ya rantse cewa shugabannin Afirka aka nufa. A fadarmu an yi shayi uku ana gardama a kai, ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne ma akwatin, kuma me yake yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu dawo kan maganar yanzu da ƙura ta lafa. Abin ya faru nesa da mu, amma irin wannan akwati ya jima yana taɓa aljihunmu, kuma irin wannan sanarwa, ta "mun kama kayan sadarwa masu barazana ga tsaro", mu ma muna jin ta a gida.

Wayar da ke hannunka tana ɗaukar pus ɗaya ko biyu. Wannan akwati, da masu sana'ar ke kira simbox, yana ɗaukar gommai, wani har ɗaruruwa. Ana jona shi da intanet, ana tafiyar da shi da kwamfuta, kuma mai tafiyar da shi ba sai yana cikin ɗakin ba, yana iya kasancewa a wata nahiya can yana shan iska. A wajen eriyar kamfanin waya da ke kusa, kowane pus na cikin akwatin kamar mutum ne da ke zaune a unguwar riƙe da salula. Ɗaki guda da babu kowa a ciki sai fanka da wayoyin kuran zai iya bayyana ga kamfani tamkar ƙaramin gari.

Da yawanmu mun taɓa cin karo da aikinsa ba mu sani ba. Ɗan uwanka ya kira ka daga Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Makka, sai ka ga lambar gida ta fito a wayarka, ka ɗauka kana tsammanin wani ne daga Yamai, sai ka ji muryar wanda ka san yana bayan hamada, muryar tana yankewa tana dawowa. Abin da ya faru shi ne, kiran bai bi ta ƙofar da aka tanadar wa kiran ƙasashen waje ba. An ɗauko shi ta intanet, an sauke shi cikin wani akwati da ke cikin ƙasa, akwatin kuma ya kira ka da pus na gida a farashin gida. Mai akwatin ya ci bambancin kuɗin. Kamfani ya rasa abin da zai karɓa, baitulmali ya rasa harajinsa. Waɗanda suka bi zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi ta 2018, lokacin wasunmu muna jami'a, za su tuna da harajin kiran waje mai shigowa, wanda ake kira TATTIE, da aka soke wa kamfanonin waya a shekarar da aka lafta wa talaka sabbin haraji, sannan aka maido da shi a kasafin 2019. An ɗaure jagororin ƙungiyoyin farar hula kan wannan kokowa. To kuɗin kiran nan da muka yi ta ihu a kansu, su ne simbox ke yi wa ɓarin gefe, shiru, ba tare da an ji ƙararsa ba.

Wannan tsohuwar sana'a ke nan. Sabuwar ta fi ta riba, ta kuma fi ta muni. Duk mai son buɗe WhatsApp ko Facebook ko Telegram sai an tambaye shi lamba, a turo masa kod ta mesaj. Mai akwati yana ba da hayar lambobinsa: ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ara maka lamba ta ƙasar da kake so, kod ya sauka, ka buɗe shafi da sunan da ka ga dama. Daga nan ake samun dubban shafukan bogi da ke zagi da murya ɗaya a ƙarƙashin rubutun ɗan jarida, daga nan ake samun "kin ci kyautar miliyan biyu, turo kuɗin cike takarda", daga nan ake samun mai kiran mutum ya yi masa barazanar kisa ba tare da an san ko wane ne ba. Binciken Niyok ma daga nan ya samo asali: wasu manyan jami'an gwamnatin Amurka ne aka riƙa yi wa barazana ta waya, aka bi sawun lambobin har aka kai ga ɗakunan.

Saura maganar durƙusar da rezo, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankali. Tana da tushe. Kowa ya san yadda waya ke yi ranar Sallah da safe ko daren sabuwar shekara: kowa na kira lokaci guda, eriya ta cika, kira ya ƙi shiga. Idan dubban pus a wuri ɗaya suka tashi da kira ko mesaj a daƙiƙa guda, eriyar da ke kusa da su za ta shaƙe. Amma akwatunan nan a ɗaki suke, ba sa yawo, kuma eriyar da ke kusa da su kaɗai suke iya damu. Niyok birni ne mai mutum fiye da miliyan 8, da eriya ko'ina, wanda ya saba ɗaukar cunkoson da ya ninka pus 100,000 sau da yawa a kowace rana ta Allah. Sannan ku ɗauki alƙalami ku raba miliyan 30 gida 100,000. Zai ba ku mesaj 300 a minti ga kowane pus, wato biyar a kowace daƙiƙa, ba tsayawa. Wane kamfani ne zai ga layi yana haka ya zuba masa ido? Shi ya sa masana harkar tsaron sadarwa da dama suka fito a makon suka ce abin da aka nuna ya fi kama da babbar gonar pus ta ƴan damfara, irin wadda aka sani a ƙasashe da yawa, wadda ke sayar da aikinta ga duk mai kuɗi, ɓarawo ne ko ɗan leƙen asiri.

Jami'an da kansu sun amsa wa ƴan jarida cewa ba su gano wani shiri na kai tsaye a kan taron majalisar ba. Sun ce binciken farko ya nuna akwai sadarwa tsakanin wasu masu alaƙa da wata gwamnatin waje da mutanen da hukumomin tsaro suka riga suka sani, amma sanarwar ba ta kama sunan ƙasa ba. Kuma a ranar da aka yi ta, ba a nuna mutum ko ɗaya da aka kama ba. Akwatuna 300, pus 100,000, ɗakunan haya da dole wani ya biya kuɗinsu, kuran da dole wani ya biya, amma babu fuska ko ɗaya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kuma binciken da aka yi watanni ana yi, sai aka zaɓi safiyar da idon duniya duka ke kan Niyok aka bayyana shi. Ba mu ce ƙarya aka yi ba. Kayan na gaske ne, kwashe su kuma aiki ne mai kyau. Abin da muke cewa shi ne, hukumar tsaro ma tana da bukatar a yaba mata, tana da kasafin kuɗin da take karewa, kuma ta san kalmar "barazana ga ƙasa" ta fi kalmar "damfara" tsada a kasuwar labarai.

Kwana 17 bayan haka, ranar 10 ga Oktoba 2025, aka yi wani samame a ƙasar Latbiya da ke gabashin Turai, wanda bai samu ko rabin surutun na Niyok ba. Ƴan sandan Latbiya da na Ostiriya da Istoniya, tare da hukumar Europol, suka kwashe akwatuna 1,200 masu aiki da pus 40,000. A nan an kama mutane, bakwai. An rufe shafukan intanet biyu da ake ba da hayar lambobin a kansu, lambobin ƙasashe fiye da 80. Masu binciken sun ce an buɗe shafukan bogi sama da miliyan 49 ta wannan hanya. Sun kuma ƙirga waɗanda aka cuta: ƙararraki 1,700 a Ostiriya, 1,500 a Latbiya, da asarar da ta kai yuro miliyan 4.5 a Ostiriya kaɗai, kusan miliyar 3 ke nan na sefa. Cikin dabarun da aka lissafa har da wadda ake turo wa uwa mesaj a WhatsApp a ce ɗanta ne, wayarsa ta lalace, ga sabuwar lamba, yana cikin matsala, ta turo kuɗi maza.

Ku duba bambancin sanarwar biyu. Ta farko ta ba mu abin da ka iya faruwa, da manyan alƙaluma masu sa gaba ya faɗi. Ta biyu ta ba mu abin da ya riga ya faru: ga waɗanda aka kama, ga yadda suke aiki, ga adadin waɗanda suka yi kuka, ga kuɗin. Da irin ta biyun ake zuwa gaban alƙali. Ita ce kuma ke nuna wanda akwatin ke ci a zahiri, wato tsohuwar da ke tsoron kada wani abu ya sami ɗanta.

Wannan dabara ta "ɗanki ne" ba sai an fassara mana ita ba. Bara aka kira gwaggona a ƙauye, da lambar gida, aka ce ɗanta da ke aikin mota ya yi haɗari a hanya, yana likita, ba za a taɓa shi ba sai an ajiye kuɗi. Wayar yaron kuwa a kashe, don yana inda babu rezo. Kafin la'asar ta sayar da akuya da ɗan abin da ta tara, ta aika jika 50. Da magariba yaron ya kira lafiyarsa lau yana tambayar ko an ci tuwo. Muka kai ƙara, aka bi lambar, sai ga shi an yi rajistarta da sunan wani dattijo a wata jaha daban, wanda ko karatun boko bai yi ba, bai kuma san akwai wannan layi da sunansa ba. A nan magana ta tsaya. A hanyarmu ta komawa gwaggo ta ce mini: "To ɗana, su da suka ba shi lambar, ba su san shi ba ne?" Na ce: "Gwaggo, a takarda sun san shi, amma wani suka sani."

Tambayar gwaggo ita ce tambayar da ya kamata a yi wa Niyok. Akwati ba shi da amfani idan babu pus, pus kuma ba a tono shi a rami. Kamfani ke buga shi, dila ke rarraba shi, wani ke kunna shi, kuma kowane wata akwai kuɗin da ke shiga asusun wani daga gare shi. A Amurka mutum na iya shiga kanti ya sayi layin da ake biya kafin amfani ba tare da ya nuna takardar shaida ba, dokar tarayya ba ta tilasta hakan ba. Amma ko a can, tara 100,000 ba aikin mai sayen ɗaiɗai ba ne. Akwai wanda ya sayar da su da yawa, ya ga adadin, ya karɓi kuɗinsa, ya kau da kai. Hausawa sun daɗe da raba ɓarawon tsaye da ɓarawon zaune. Hoton samame kullum kayan na tsaye yake nunawa.

A wajenmu doka ta ce sai da takardar shaida ake kunna pus. Amma wa bai taɓa ganin pus kunnanne ana sayar da shi ƙarƙashin lema a bakin tasha ko ranar kasuwa ba? Yaron da ke sayarwa ana biyansa ne gwargwadon yawan layin da ya kunna, don haka katin mutum ɗaya da ya faɗo hannunsa yana iya haifar da layi biyar, huɗu mai katin bai san da su ba. Kofin katinmu yana zube a kiyos-kiyos da wuraren fotokopi da wayoyin mutanen da ba mu sani ba. Ga kuma ɗimbin mutanen karkara, musamman mata, da ba su da katin ma sam, sai ɗa ko ƙane ko maƙwabci ya kunna musu da nasa. Ranar da aka aikata laifi da ɗaya daga cikin layukan, ƙofar mai katin jandarma za su buga, shi kuwa mai laifin ya karya pus ya jefa a kwata ya saka wani.

Wani zai ce to a tsaurara rajista mana. A tsaurara, amma a kalli maƙwabta tukuna. Najeriya ta tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN tun ƙarshen 2020, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira. Mutane sun kwana a layi, wasu sun biya cin hanci don a yi musu rajistar da aka ce kyauta ce. Masu garkuwa da mutane kuwa har yau ta waya suke cinikin kuɗin fansa, su kira, su sake kira, su yi ragi kamar a kasuwar dabbobi. Rajistar da ba a bin ta da bincike, ba a kuma hukunta dilan da ya kunna layi da sunan wani, talaka kawai take wahalarwa.

Akwai abin da ya fi wannan damunmu, shi ne inda kalmar "barazanar sadarwa" ke kai hukumomi idan aka bar ta ba tambaya. A Niyok, duk da zuzutawar da aka yi, ɗakunan aka shiga, akwatunan aka ɗauka, wayar sauran jama'a ba ta ɗauke ko na minti ɗaya ba. A yankinmu sau da yawa akasin haka ake yi: idan an kasa kai wa ga mai laifi, sai a kashe wa kowa. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwar Najeriya ta umarci kamfanoni su rufe rezo a jahar Zamfara baki ɗaya, da farko na mako biyu, aka yi ta ƙarawa. Aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya da ke nan bakin iyakarmu, da wasu 14 na Sakkwato. Mutanen Maraɗi sun ga abin da idonsu, ƴan uwa na tahowa har bakin iyaka don kawai su samu su yi waya. Ɗan kasuwa ya kasa karɓar kuɗi, mai haƙuri a ƙauye ya kasa kiran mota, garin da aka kai wa hari ya kasa sanar da soja. Ƴan bindigar kuwa, rahotanni daga gabashin Sakkwato sun nuna sun koma amfani da rezon Nijar da ke tsallaka iyaka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021, bayan bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula kwana goma a ƙasar nan, da sunan kwantar da tarzoma. Mai sayar da kaya ta WhatsApp a Damagaram da ɗalibin da ke jiran takarda daga waje a Tawa, waɗanda ko dutse ba su jefa ba, su ma sun biya.

Sai kuma Starlink, wanda ya fi komai kama da labarin akwatunan Niyok, don shi ma kaya ne da ake ɗora wa bisa tebur a ɗauki hoto. Tun da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, faranti-farantinsa suka riƙa tsallako iyaka ta bayan fage, kuma jami'an tsaro sun sha kama su. Dalilin kamun ba wasa ba ne: ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai na amfani da shi a dajin da babu rezo, su da kansu kuma suke farfasa eriyar kamfanoni don su raba ƙauyuka da hukuma. Wanda ya rasa ɗan uwa soja a Tillaberi ko Diffa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Amma farantin nan dai shi ne ke hannun ɗan kasuwa, da ma'aikacin lafiya, da matashin da ya buɗe wifi zone yana sayar da tike yana ciyar da gida. Mali ta haramta shi a Maris 2024, ta ɗage haramcin a Oktoban shekarar. Nijar ta sa hannu da kamfanin a ƙarshen 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Kayan da jiya ake nunawa a matsayin ganimar samame, yau a kanti ake sayar da shi da rasit. Farantin bai canza ba. Abin da ya kamata a riƙa tambaya tun farko shi ne a hannun wa yake, me kuma ya yi da shi.

Mun san zamanin da muke ciki. Mun san tun Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kan ɓata suna da kuma yaɗa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiya, kuma mun san yadda wannan ya sa mutane da yawa suka koma danna "layk" a zuci. Don haka bari mu faɗi maganarmu a fili yadda ba za a juya ta ba. Muna goyon bayan a kama simbox a duk inda yake. Muna goyon bayan a ƙwace duk na'urar da aka samu a hannun mai kashe mutane. Jami'in da ya yi wannan aiki ya cancanci godiya, wasunsu da ransu suke biya. Abin da muke nema shi ne kada labari ya ƙare a kan tebur. Idan an tara kaya gaban kyamara a komisariya ko a ofishin duwan, a dawo bayan wata uku ko shida a gaya wa jama'a mutum nawa aka gurfanar, me alƙali ya yanke, ina kayan suka shiga. Wanda aka karɓe wa kaya a ba shi takarda mai sa hannu da hatimi, kuma idan bincike ya wanke shi a maido masa da abinsa, don jarinsa ne, wani bashi ya ci ya saya.

Kuma a bi pus ɗin baya har inda ya fito. Kowane layi da aka ciro daga akwati yana da lambar dilan da ya kunna shi da ranar da aka kunna shi, wannan yana cikin kwamfutar kamfani. Hukumar ARCEP tana da hurumin neman waɗannan bayanai da hukunta kamfanin da ya yi sakaci, kuma akwai hukumar HAPDP da aka kafa musamman don kare bayanan sirrin ƴan ƙasa. Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms duk suna iya ganin layin da bai taɓa motsawa daga eriya ɗaya ba, bai taɓa karɓar kira ba, amma yana kira dare da rana. Mutum ba ya waya haka. Ya kamata kuma kowane ɗan ƙasa ya samu hanya mai sauƙi, kyauta, ta sanin layi nawa ke ɗauke da sunansa a kowane kamfani, ya kuma iya rufe wanda bai sani ba ba tare da an yi ta yawo da shi daga wannan ofis zuwa wancan ba.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunmu. Wanda ke da ajans kusa da shi ya ɗauki katinsa ya je ya nemi a duba masa layukan da ke kan sunansa. Idan za ka ba da kofin kati, rubuta a jikinsa dalilin da ka bayar da shi da kwanan wata, kada ka bar shi fari. Ku zauna da iyayenmu mata ku gaya musu duk wanda ya kira ya ce ɗansu na likita, su kashe su kira wani na gida kafin su taɓa ko dala. Wanda kuma ya je ajans ya tarar da layin da bai sani ba a kan sunansa, ya rubuto mana ta akwatin saƙon wannan shafi, ya faɗi garin da adadin layukan kawai, kada ya turo lamba ko hoton kati. Muna so mu tara su mu ga yawansu kafin mu rubuta wa hukumomin da abin ya shafa.